Amana a Kan Hanyar Intanet: Bayani Game da Yadda VPN da Wakili Suke Aiki

1.0 Gabatarwa

A ranar 5 ga Yuni, 2021, kamfanonin sadarwa na Nijeriya suka toshe hanyar shiga dandalin Twitter bisa umurnin Gwamnatin Tarayya, ba a kuwa buɗe ta ba sai ranar 13 ga Janairu, 2022. A cikin waɗannan watanni bakwai ne haruffan nan uku, watau VPN, suka shiga bakin jama'a, har da waɗanda ba su taɓa jin su ba. Ɗalibai da malamai da 'yan kasuwa suka yi ta ɗora manhajojin VPN a wayoyinsu, suka ga abin da aka toshe ya buɗe, daga nan sai ra'ayi ya kafu cewa duk wanda ya kunna VPN ya sha layar zana, babu mai ganinsa. Mun sha jin wannan magana a ajujuwanmu, mun kuma ji ta a ɗakin hutun malamai.

Maƙasudin wannan takarda shi ne mu bayyana yadda VPN yake aiki, da abin da ya bambanta shi da ɗan'uwansa da ake kira furoksi, wanda mu a nan za mu riƙa kiransa wakili. Abin da muke so mu tabbatar guda ɗaya ne: VPN ba ya kawar da bukatar amana, abin da yake yi shi ne ya ɗauke amanar daga hannun wani ya danƙa ta a hannun wani. Wanda ya fahimci haka zai san lokacin da VPN yake kare shi, da lokacin da yake jefa shi cikin haɗarin da ya fi na farko.

2.0 Yadda Saƙo Yake Tafiya a Intanet

Kafin mu shiga batun kariya, ya kamata mu san abin da ake karewa. Idan mutum ya aika da saƙo ta intanet, ko rubutu ne ko hoto ko murya, kwamfuta ba ta aika shi a dunƙule. Yanyanka shi take yi ƙanana-ƙanana, kowane yanki ana kiransa ƙunshi, galibi kuma girmansa ba ya wuce bayit 1,500. Kowane ƙunshi yana da sassa biyu, kamar wasiƙa da ambulan ɗinta: a ciki akwai saƙon kansa, a waje kuma akwai adireshin mai aikawa da na mai karɓa. Wannan tsari, wanda ake kira TCP/IP, shi ne hanyar sadarwa ta ARPANET a Amurka ta koma kansa ranar 1 ga Janairu, 1983, kuma a kansa intanet ta ginu.

Adireshin nan lamba ce. A tsohon tsari mai suna IPv4 lambobi huɗu ne a jere, kowace daga 0 zuwa 255. A sabon tsari mai suna IPv6 adireshin ya fi haka tsawo ƙwarai. Kamfanin sadarwa shi yake ba wa waya ko kwamfuta adireshinta, saboda haka daga adireshin ana iya gane ƙasar da mutum yake da kamfanin da yake amfani da shi. Har ila yau, tun da yake mutane sunaye suke riƙewa ba lambobi ba, akwai wani kundi da ake kira DNS, wanda aikinsa shi ne ya juya sunan shafi ya koma lamba. Duk lokacin da muka rubuta sunan shafi, sai na'urarmu ta fara tambayar wannan kundi, mai amsa tambayar kuwa galibi kamfanin sadarwarmu ne.

Ƙunshi ba ya isa inda za shi a tafiya ɗaya. Yana bi ta na'urori masu yawa, kowace ta karanta bayan ambulan ta miƙa wa ta gaba, kamar yadda fatake suke yada zango daga gari zuwa gari. To, a nan matsalar take. Mai kula da Wi-Fi na otal ko na makaranta, da kamfanin sadarwa, da duk wanda yake riƙe da wani zango a hanya, yana ganin wane ne ya aika, wa aka aika wa, da wane lokaci. Idan saƙon ba a kulle yake ba, yana iya karanta shi, har ma ya sauya shi. Toshe shafi ma ta nan ake yinsa: a umurci kamfani ya ƙi amsa tambayar sunan, ko ya zubar da duk ƙunshin da yake ɗauke da wannan adireshi.

3.0 Wakili

Kwamfutar da take zaune tana yi wa wasu kwamfutoci hidima ita ake kira uwar garke. Wakili uwar garke ce da take tsayawa tsakanin mai nema da abin nema. Misalin da ya fi kusa da ita a rayuwarmu shi ne dillali a kasuwa. Mai kaya ya ba dillali, dillali ya sayar, mai saye bai san mai kaya ba, fuskar dillali kaɗai ya sani. Haka nan idan muka nemi shafi ta hannun wakili, shafin adireshin wakili yake gani, ba namu ba. Kamfanin sadarwarmu kuma gani yake da wakili muke magana.

Asalin wakili ba don ɓoye kai aka yi shi ba. A cikin shekarun 1990, lokacin da layin intanet yake da tsada da nawa, cibiyoyi sun riƙa kafa wakili domin ya ajiye kwafin shafin da aka taɓa nema, in wani ya sake nemansa sai a ba shi daga ajiya. Manhajar Squid, wadda ta fito a 1996, irin wannan aiki take yi. A wannan shekara kuma aka wallafa ƙa'idar SOCKS5, wadda take ba wakili damar ɗaukar saƙonni iri-iri, ba na shafukan yanar gizo kaɗai ba. Mu malamai muna da wani misali a kusa: jami'o'i da yawa a duniya suna amfani da manhajar EZproxy, wadda aka ƙirƙira a 1999, domin malami yana gida ya karanta mujallun ilmi da ɗakin karatu ya biya wa kuɗi. Mai buga mujalla adireshin jami'a yake gani, sai ya buɗe ƙofa.

Wakili yana da rauni biyu. Na farko, shi kansa bai ɗauki alkawarin kulle saƙo ba. Ƙa'idar SOCKS5, alal misali, ba ta kulle abin da take ɗauka. Na biyu, galibi manhaja ɗaya ake haɗawa da shi, sauran manhajojin waya kuwa suna ci gaba da bin hanyarsu ta kullum. Ashe ke nan wakili sauya adireshi yake yi, ba rufa asiri ba.

4.0 VPN

Haruffan VPN taƙaitawa ce ta kalmomi uku na Turanci, waɗanda ma'anarsu ita ce keɓantacciyar hanyar sadarwa wadda ba ta da waya tata ta kanta. A da, kamfani mai ofisoshi a garuruwa daban-daban sai ya yi hayar layi na musamman domin ya haɗa su, abin da yake cin kuɗi masu yawa. Da intanet ta yaɗu sai aka yi tunanin a bi ta hanyar kowa da kowa, amma a yi dabarar da za ta sa tafiyar ta zama kamar a keɓantaccen layi ake yinta. Dabarar tana da ginshiƙai huɗu.

4.1 Ambulan Cikin Ambulan

Idan aka kunna VPN, manhajar takan ɗauki kowane ƙunshi da zai fita daga na'ura, da saƙonsa da adireshinsa gaba ɗaya, ta kulle shi, ta sa shi cikin sabuwar ambulan wadda aka rubuta wa adireshin uwar garken VPN. Masu zango a hanya ambulan ta waje kaɗai suke gani. Idan ta isa, uwar garke ta buɗe, ta fitar da ƙunshin na asali, ta sa adireshinta a gurbin namu, ta aika shi inda muka nufa. Amsa kuma ta dawo ta wannan hanya. Wannan shi ne abin da masana suke kira rami, watau hanyar da ake shiga ta wani baki a fito ta wani, ba a ganin mai tafiya a tsakani. Bambancinsa da wakili shi ne ramin yana ɗaukar saƙonnin na'ura gaba ɗaya, har da tambayoyin kundin sunaye idan an tsara shi daidai, kuma a kulle yake ɗaukar su.

4.2 Kulle Saƙo

Bahaushe ya san zaurance, inda ake juya gaɓoɓin kalma ko a cusa wasu a tsakani domin bare ya kasa fahimta. Raunin zaurance shi ne duk wanda ya gane dabarar ya gama da shi. Kulle saƙo na zamani ya sha bamban: dabarar a fili take, kowa yana iya nazarinta, asirin yana cikin mabuɗi ne kaɗai, watau wata doguwar lamba. Makullin da aka fi amfani da shi shi ne AES, wanda masana biyu 'yan ƙasar Beljiyam, Joan Daemen da Vincent Rijmen, suka tsara, hukumar ma'auni ta Amurka kuma ta amince da shi a 2001. Tsawon mabuɗinsa bit 128 ne ko 192 ko 256, bit kuwa ita ce ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta, ko 0 ko 1. Mabuɗi mai bit 128 yana da siffofi da yawansu lamba ce mai gurbi 39. Gwada su ɗaya bayan ɗaya ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su.

4.3 Musayar Mabuɗi

To, yaya na'urarmu da uwar garken da take wata nahiya za su yarda da mabuɗi ɗaya, alhali duk maganar da suka yi ana jinta a hanya? Whitfield Diffie da Martin Hellman na Jami'ar Stanford ne suka wallafa amsar a 1976. Bari mu gwada da ƙananan lambobi.

Ɓangarorin biyu su yarda a fili da lambobi biyu, 19 da 2. Na'urarmu ta zaɓi lambar asiri, a ce 5. Ta jera 2 sau 5 ta ninka su, ta sami 32; ta raba da 19, saura 13. Sai ta aika 13 a fili. Uwar garke ta zaɓi tata lambar asiri, a ce 7. Ta jera 2 sau 7 ta ninka, ta sami 128. Ta raba da 19, saura 14. Sai ta aiko da 14. Yanzu na'urarmu ta jera 14 sau 5 ta ninka, ta sami 537,824; ta raba da 19, saura 10. Uwar garke ta jera 13 sau 7 ta ninka, ta sami 62,748,517. Ta raba da 19, saura 10. Dukansu sun isa ga 10, ba tare da 10 ta taɓa bin hanya ba.

Mai saurare ya ji 19 da 2 da 13 da 14. Domin ya gano 10 dole ya gano 5 ko 7, watau ya yi lissafin ta baya. Da ƙananan lambobi ɗan sakandare ma zai yi wannan cikin minti kaɗan. Amma a aikin gaske, a gurbin 19 ana sa lamba mai bit 2,048, watau mai gurbi fiye da 600. Ninkawa gaba tana da sauƙi ga kwamfuta, komawa baya kuwa ba a san wata gajeriyar hanya da kwamfutocin yau za su bi ba.

4.4 Tabbatar da Juna

Wannan lissafi yana da giɓi. Yana ba mu mabuɗi tare da wanda muke magana da shi, amma bai gaya mana wane ne shi ba. Ɗan damfara yana iya tsayawa a tsakiya, ya yi mabuɗi ɗaya da mu, ya yi wani da uwar garke, ya riƙa karanta komai yana miƙawa. Saboda haka uwar garke takan gabatar da takardar shaida mai sa hannu na lissafi, ko kuma mabuɗin shaida da aka riga aka ajiye a na'urarmu. Mu kuma mu gabatar da kalmar sirri ko namu mabuɗin. Bugu da ƙari, kowane ƙunshi ana buga masa hatimi na lissafi, in aka taɓa ko da bit ɗaya a hanya, hatimin ba zai dace ba, sai a yar da ƙunshin.

5.0 Ƙa'idojin da Ake Amfani da Su

Ba dukan VPN ne suke bin ƙa'ida ɗaya ba. PPTP, wadda kamfanin Microsoft da wasu suka fito da ita a cikin shekarun 1990, ta yi tashe saboda sauƙinta, amma tun 1998 Bruce Schneier da abokin aikinsa suka nuna rauninta, a 2012 kuma aka nuna a fili yadda ake fasa tsarinta na tabbatar da kalmar sirri. A 2016 kamfanin Apple ya cire ta daga na'urorinsa. Duk cibiyar da take amfani da ita, ƙofarta a buɗe take.

IPsec, wadda aka fara wallafa ƙa'idojinta a 1995, ita ce aka fi sani wajen haɗa ofis da ofis. OpenVPN, wadda James Yonan ya fitar a 2001, rubutun manhajarta a buɗe yake, kowa yana iya bincika shi. Ta baya-bayan nan ita ce WireGuard ta Jason Donenfeld, wadda aka shigar cikin zuciyar tsarin Linux a 2020. Abin da ya fito da ita shi ne ƙanƙanta: rubutunta na farko bai wuce layi kimanin 4,000 ba, ƙaramin rubutu kuwa ya fi sauƙin bincike, kuskure ba ya samun wurin ɓuya.

6.0 Iyakar Kariya

Yanzu mun iso ga abin da muka ɗauki alkawari a gabatarwa. Rami yana da baki biyu, kuma kullewar a bakin uwar garke take ƙarewa. Duk abin da kamfanin sadarwa yake gani a da, yanzu mai VPN ne yake ganinsa: adireshinmu na gaskiya, shafukan da muke ziyarta, da lokacin da muke ziyartarsu. Abin da yake hana shi karanta saƙon kansa wani makulli ne dabam, watau HTTPS, wanda yake tsakanin na'urarmu da shafin kai tsaye, kuma yana aiki ko da VPN ko babu. Tambayar da ta dace ita ce: tsakanin kamfanin da muka san ofishinsa da dokar da take kansa, da wani wanda ba mu san ko a wace ƙasa yake ba, wa ya fi cancantar amana?

Hausawa sun ce banza ba ta kai zomo kasuwa. Uwar garke tana cin kuɗin wuta da na layi, wanda ya ba da ita kyauta yana da inda yake fanshewa. A 2015 aka gano cewa manhajar Hola tana sayar da layin masu amfani da ita ga wasu, watau baƙo yana fita intanet da adireshin mutum ba da saninsa ba. A 2016 wasu masu bincike, cikinsu har da na hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya, suka nazarci manhajojin VPN 283 na wayoyin Android. Suka tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa kulle saƙo ko kaɗan, kashi 38 kuma suna ɗauke da alamun muguwar manhaja. Onavo, wanda mallakar Facebook ne, an fitar da shi daga shagon manhajoji na Apple a 2018 saboda tattara bayanan masu amfani da shi, aka rufe shi a 2019. Wanda ya ɗora irin waɗannan ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago.

Akwai kuma abubuwan da ko VPN na kirki ba ya iya yi. Ba ya ɓoye kansa: kamfanin sadarwa yana ganin ana magana da uwar garken VPN, da yawan abin da yake wucewa, shi ya sa ƙasashe irin su Sin suke iya toshe da yawa daga cikinsu. Ba ya ɓoye wanda ya shiga shafi da sunansa da kalmar sirrinsa, domin shi da bakinsa ya faɗi ko wane ne. Ba ya hana mutum miƙa lambar asusunsa ga shafin bogi. Ba ya samar da hanya inda babu ita: da aka katse layukan waya a Jihar Zamfara a watan Satumba na 2021, babu VPN da ya yi wa kowa amfani, domin rami ma ƙasa yake bukata kafin a haƙa shi. Yana kuma ƙara nisan tafiya. Wanda yake Kano yana neman shafin da yake Legas ta uwar garken da take Amurka, saƙonsa zai ƙetare teku ya dawo kafin ya isa.

Ga cibiyoyi, haɗarin wani iri ne. VPN ƙofa ce ta shiga cikin gida daga waje. A ƙarshen watan Afrilu na 2021, 'yan fashin intanet suka shiga kwamfutocin kamfanin Colonial Pipeline na Amurka ta wani tsohon asusun VPN da ba a rufe ba, wanda kalmar sirri kaɗai take tsaronsa. Kamfanin ya tsayar da bututun mai na kwanaki, aka yi ƙarancin mai a kudu maso gabashin ƙasar, aka kuma biya fansa ta kimanin dala miliyan 4.4. Ba a fasa AES ba, ba a karya lissafin Diffie da Hellman ba. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa wakili sauya adireshi yake yi, VPN kuwa yana ƙara kullewa da tabbatar da juna, amma kariyar tasa daga na'ura zuwa uwar garke take tsayawa. Inda ya fi amfani shi ne inda uwar garken ta cibiyar mutum ce, kamar malamin da yake shigar da sakamakon jarrabawa daga gida, domin a nan mai riƙe da amanar shi ne mai kayan.

Bisa wannan muke ba da shawarwari huɗu. Na ɗaya, kwalejoji da jami'o'in da suke barin ma'aikata su taɓa bayanan ɗalibai daga waje su kafa uwar garken VPN tasu, da ƙa'ida irin WireGuard ko IPsec ko OpenVPN, musamman da yake Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Na biyu, kada kalmar sirri ta tsaya ita kaɗai, a haɗa ta da shaida ta biyu, kuma a rufe asusun duk wanda ya bar aiki a ranar da ya bari. Na uku, mai ɗora VPN a wayarsa ya bincika wa ya mallake shi, a wace ƙasa, da me yake samun kuɗi, kuma ko wasu masu bincike na waje sun duba da'awarsa ta rashin ajiye bayanai. Na huɗu, sassan koyar da kwamfuta a kwalejojin ilmi su shigar da wannan darasi cikin manhajar horar da malamai, da harshen da ɗalibai suke ji. Misalin lissafin da muka kawo a sama ana iya yinsa a kan allo da alli, kuma malamin da ya yi shi da hannunsa zai iya amsa wa ɗalibinsa idan ya tambaye shi ko VPN layar zana ce.